Ɓawon Lemu a Bututun Sanda

Ranar da Sanda ya tsugunna a bakin bututunsa ya ga ruwan da ke fitowa bai fi fitsarin akuya ba, ya san aiki ya ɓaci. Can bakin dam inji na ta ruri kamar zai tashi sama, mai na ƙonewa, amma nan cikin lambu sai mutum ya gaji da tsayuwa fangali ɗaya bai cika ba. Ga tumatir ya yi fure, duk inda ka duba rawaya ne. Sanyi kuma ya ja da baya, rana ta fara cizo. Duk wanda ya taɓa noman rani ya san abin da ke biyo baya. Tumatir in ƙishirwa ta kama shi yana cikin fure, kaɗe furen yake yi, ya bar ka da ganye kore shar kana kallo.

Lambun na bayan garin Dayi ne, tsakaninsa da dam akwai burtali. Shanu na bi, amalanke na bi. Sanda ya taɓa shimfiɗa bututun roba a wurin, garken shanu ya bi ta kai sau ɗaya, a buhu ya kwashe shi. Shi ya sa ya tafi Funtuwa ya sayo tsofaffin bututan ƙarfe da aka ciro daga wani gidan gurzar auduga da ya mutu. Sun yi masa aiki shekara da shekaru. Amma tsatsa ta yi ta taruwa a ciki tana kauri, ramin da a da dunƙulen hannu ke shiga, yanzu ko ƙwan zabuwa ba ya wucewa.

Maganin abin an san shi, asid ne, irin wanda ake wanke tayil da shi. Bara Iliya mai walda ya wanke masa guda biyu. Iliya ɗan gwaggonsa ne, taubashi, tun suna yara ba su iya gaisawa ba sai da zagi. Tsatsa ta fita tas, gaskiya. Ƙarfen ma ya bi ta. Da aka ɗaura aka tayar da inji sai ruwa ya riƙa feshi ta ko'ina kamar rariya, mata masu zuwa ɗiban itace suka tsaya suna wanke ƙafa. Tun ran nan Sanda ya rantse asid ba zai ƙara kusantar kayansa ba.

Yana nan tsugunne sai ga Naja'atu da kwanon abinci a ka. 'Yar ƙanwarsa ce, a Malumfashi suke, tana karatun haɗa sinadarai a kwaleji. Ta zo gaida matarsa Baturiya, aka ba ta saƙon abincin rana.

"Kawu, sannu da aiki. Lafiya na gan ka kamar wanda aka yi wa sata?"

"Gara sata. Dubi nan."

Ta ajiye kwano, ta leƙa cikin bututun, ta sa yatsa ta ɓantaro wani jan ɓarɓashi.

"Me ya hana a wanke?"

"Da me? Da asid ɗin wancan maƙerin banza? Ya huda mini biyu, so kike ya ƙarasa sauran?"

Sai ya ga yarinya ta tafa hannu tana dariya, har mayafinta na zamewa.

"Kawu, wallahi abin da nake yi a makaranta ke nan! Aikin da zan gama karatu da shi ke nan. Akwai abin da in an zuba a cikin asid, zai ci tsatsa ya ƙyale ƙarfen."

"Daga wace ƙasa ake kawo shi?"

"Daga tasha. Ɓawon lemu ne."

Sanda ya dube ta sama da ƙasa. "Wane lemu?"

"Lemun da ake sha."

"Wanda akuyata ke ci?"

"Shi. A shanya, a daka, a dafa, a tace. Akwai wani abu a cikin ruwansa da ke manne wa jikin ƙarfe, kamar yadda mai ke kama tandar waina. Asid ya ci tsatsa, in ya iso kan ƙarfen sai ya tarar an shafe shi. Ba wai ba ya taɓa shi ko kaɗan ba, amma kaɗan ne ƙwarai."

"Ke, 'yar nan, ni ban yi boko ba, amma ba a yi mini wayo da baki. Abin da idona bai gani ba, ban yarda da shi ba."

"To gobe za ka gani."

Washegari da hantsi suka haɗu a rumfar Iliya, bakin titi. Ta zo da wata 'yar kwalba mai ruwan ɓawon lemu kalar shayi. Ta ce a ba ta ƙusa biyu masu tsatsa, tsawo ɗaya, kauri ɗaya. Iliya ya tono su daga cikin tarkacensa yana gunaguni.

"Yau ga ikon Allah. Sanda da lemu. Mutumin da ko a gidan suna aka ba shi lemu sai ya sa a aljihu ya kai wa Baturiya don a ce ya yi cefane."

"Rufe mana baki, mai huda kayan mutane. Ɗauko asid ɗin."

Ta sa safar hannu, ta ce kowa ya ja baya. Ta zuba ruwa a kwalabe biyu, ta ɗiga na lemun a ta biyu, sannan ta bi su da asid a hankali. Ta jefa ƙusoshin. Ta cikin kwalbar farko nan take ta kama tsiyayar kumfa, tana sisss kamar an jefa ƙosai a mai. Ta biyu kuwa ta ɗan yi kumfa, ta yi, sai ta lafa. Nan da can wata 'yar ƙwayar iska ta taso, shi ke nan.

Sanda ya durƙusa har gemunsa na neman taɓa ƙasa. "Iliya! Iliya, kana gani? Wannan ta yi shiru!"

"Ta mutu ne, kamar kasuwarka."

Suka bar su a rana. Sanda bai koma lambu ba, bai ci abinci ba, ko salla ya je sai ya dawo da sauri kamar wani zai sace kwalaben. Da la'asar Naja'atu ta ciro su da tsinke ta ɗauraye. Ta farko ta yi baƙi, ta rame, jikinta duk ƙananan ramuka kamar wadda ɓera ya gwaigwaya. Ta biyu fes, babu tsatsa, tsininta na nan yadda aka ƙera shi.

Kai, ranar nan Dayi ta ga Sanda. Ya fizgi ƙusoshin, ɗaya a hannun dama ɗaya a hagu, ya bi bakin titi. Mai shayi ya gani, 'yan acaɓa sun gani, direban wata bas da ya tsaya sauke fasinja shi ma sai da aka cusa masa su ta taga. "Dubi wannan, dubi wannan! Asid ɗaya, kwalba iri ɗaya! Ɓawon lemu, wallahi ɓawon lemu! 'Yar ƙanwata ce ta gano!" Naja'atu na biye da shi tana cewa, "Kawu, ba ni na gano ba, an daɗe ana bincike a kai," amma ina, wa ke jin ta.

Da safe ya ɗaura buhuna a bayan babur ya nufi Malumfashi. Ya bi masu fere lemu na tasha ɗaya bayan ɗaya, mutanen nan da ke juya lemu a kan wuƙa ɓawon na sauka siriri kamar igiya. Da farko sun ɗauka kiwo yake yi. Da ya fito da ƙusoshinsa ya yi musu bayani, wani ya ce, "Baba, in ka gama da bututun ka zo ka shafa wa gwiwata, ita ma ta yi tsatsa." Aka yi dariya, aka cika masa buhu. Ya je Funtuwa ya yi haka. Ya dawo ya baje shi a kan kwanon ɗaki inda akuya ba ta kaiwa, gida gaba ɗaya ya ɗauki ƙamshi. Da yake siriri ne, rana kuma ta buɗe, bai ɗauki lokaci ba ya bushe ƙayau. A lambu kuwa yana ta lallaɓa tumatir da ɗan ruwan da ke zuwa, yau wannan gefe, gobe wancan.

Naja'atu tana da jarrabawa, dole ta koma makaranta. Kafin ta tafi ta ce masa, "Kawu, a daka ya yi laushi, a dafa da ruwa, a tace, a bar shi ya huce. Ranar Asabar da safe ina nan. Kada ka kwance bututan duka, ka bar rabi sai mun ga yadda aka yi."

Sanda ya ce ya ji. Ya shiga gida ya tarar da Baturiya tana tankaɗe.

"Ga aikinki. Ki daka, ki ɗora a tukunyar biki. Ki dafa shi kamar yadda kike dafa sassaƙe, ya dahu har ya fitar da ƙarfinsa duka. Magani ne, ba shayi ba."

"Malam, ni za ka koya wa dafa magani?"

Bai kuma bar rabi ba. Wane rabi? Ya ga ƙusa da idonsa. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya ja Iliya da manyan sifanu suka kwance layin tun daga bakin inji har cikin lambu. Suka jera bututan a gangaren dam, kai sama gindi ƙasa, aka toshe gindin kowanne da itace naɗe da robar taya. Ruwa ya yanke wa tumatir ɗungurungum. Sanda ya ce ba komai, gobe warhaka sai ya sha ya ƙoshi.

Kuma bai bar kowa bai gayyata ba. Ranar Asabar kafin Naja'atu ta sauka daga acaɓa manoman fadamar nan duk sun hallara, har da na Mahuta da suka ji labari a kasuwa. Wasu ma da nasu guntayen bututan suka zo a kafaɗa. Ga jarkoki na ruwan lemu da aka kawo a amalanke, ga jarkokin asid biyu, ga babban durom na roba. Sanda ya sa babbar riga, a wurin aiki fa, yana zagayawa yana nuna wa mutane inda za su tsaya.

Naja'atu ta ga bututan a jere ta riƙe baki. "Kawu, duka?"

"Duka. Zuba mu gani."

Ta buɗe jarka ta leƙa. "Ya yi duhu da yawa."

"Ƙarfi ne. Baturiya ce ta dafa."

Aka juye ruwan lemu a durom, aka ƙara na dam. Ta ce kowa ya koma ta inda iska ke fitowa. Iliya ya sa safar hannu da baƙin gilashin walda, ya ɗaga jarkar asid ya fara tsiyayawa.

Sai durom ya yi wani gurnani. Kafin a ce me, kumfa ta taso fuuu, ruwan ƙasa-ƙasa, ta cika durom, ta yi tozo a sama, ta malalo ta ko'ina tana bin ƙasa kamar mai neman ƙafar mutane. Iliya ya tsorata, jarka ta kufce masa ta kife a ciki gaba ɗaya. Kumfa ta ƙara tashi har ta fi tsayin mutum. Jama'a suka watse. Wani dattijo daga Mahuta ya bar takalminsa ɗaya, jakin da ke ɗaure a gindin mangwaro ya tsinke igiya.

Sanda kaɗai ya tsaya, hannu sama, yana tsalle a cikin babbar riga.

"Kun ga aiki! Kun ga ƙarfin magani! Na 'yar kwalba ma bai yi haka ba!"

"Kawu, ja baya! Ba haka ake so ba!" Naja'atu ta janyo shi ta hannun riga. Da kumfar ta lafa ta jefa wata tsatsattsiyar ƙusa a ciki. Ƙusa ta nutse ta kwanta lafiya lau. Ta ciro ta, tsatsarta na nan ko gezau.

"Asid ɗin ya mutu. Wannan yanzu ko kwano ba zai wanke ba. Me aka sa a cikin dahuwar nan?"

"Ɓawon lemu da ruwa."

"Akwai wani abu. Kira Inna."

Ya ciro waya ya kira. Wayar Sanda kuwa tun da ta faɗa fangali ba ta magana sai a bayyane, kowa na ji. Mutanen da suka gudu suka fara dawowa suna miƙa wuya.

"Baturiya! Me kika sa a tukunyar nan?"

"Wace tukunya? Ta maganin? Abin da ake sawa mana."

"Me ake sawa?"

"Jar kanwa. Mai kyau ma, ta ungurnu, wadda na ɓoye tun haihuwar 'yarmu Mero. Da na ga tukunyar babba ce na ƙara da farar har kwano guda. Ya yi aiki ko?"

Naja'atu ta dafe kai ta zauna a kan jarka. "Inna, kanwa ita ce ke kashe asid!"

"Ke, Naja'atu, ni ina na sani? Cewa ya yi in dafa kamar sassaƙe. A gidan wa kika taɓa ganin an dafa sassaƙe ba kanwa? Ko saniya za a ba magani ai sai an jefa."

Dariyar da aka yi a bakin dam ɗin nan sai da tsuntsaye suka tashi. Iliya ya kwanta a ƙasa yana buga ƙafa, gilashin walda a goshi. "Wayyo cikina! Bututu ya samu kunun kanwa! Saura a gasa masa nama, mai jego ne!"

Sanda bai yi dariya ba. Ya juya ya dubi lambu. Rana ta taso sosai, daga nan inda yake yana hango tumatir ya sunkuyar da kai. Jarkar asid ɗaya ta tafi, saura ɗaya. Ɓawo ko ƙwaya babu, duk an dafe. In ya koma tasha ya tara wani, kafin ya bushe furen ya gama zuba. In ya mayar da bututan yadda suke, ɗan ruwan nan ba zai tayar da abin da ya riga ya yi yaushi ba.

Iliya ya tashi ya kaɗe jiki, ya matso kusa. Wannan karon ba wasa a muryarsa.

"Ɗan kawu, bari in wanke maka da asid zalla. Mu zuba mu juye da wuri. In ya huda in liƙe maka, ba sai ka ce komai ba."

"Na bara ka liƙe su?"

Iliya ya kau da kai. Na bara ba su liƙu ba, ƙarfen ya yi siriri, wuta na taɓawa yake narkewa.

"Ɗanyen ɓawo fa?" Sanda ya tambayi Naja'atu.

"Ban taɓa gwadawa ba, Kawu. Ba zan ce maka eh a kan abin da ban gwada ba."

Ashe duk abin nan waya na kunne, ba wanda ya kashe ta. Sai muryar Baturiya ta fito daga aljihun babbar riga.

"Malam! Wai busasshen ɓawon lemu ne ake wa wannan jimamin? Ai babu ɗakin macen da ba shi a garin nan."

Ya zaro wayar da sauri. "Me kika ce?"

"Wanda muke tarawa na damina, mu zuba a garwashi mu kori sauro. Duk lokacin lemu kowa ratayewa take yi a bayan ƙofa. Ku maza ina kuka sani, hayaƙin kawai kuke sha ku yi minshari. Ni da ka tambaye ni tun farko da ba ka je kana roƙo a tasha ba."

Sanda ya tattare babbar riga ya haye babur, Naja'atu a baya tana riƙe da mayafi. Bai taɓa gudu irin na ran nan ba a hanyar lambu.

Kafin su isa Baturiya ta riga ta fita. Ba ta bi gida-gida ba ma, katanga ta leƙa ta gaya wa maƙwabciya, ita ma ta leƙa tata. Sanda ya zauna a zaure, don inda ake shiga ba wurinsa ba ne, ya riƙa ganin abin mamaki. Mata na shigowa da sallama, wannan da ƙulli a gefen zane, wannan da kwarya, wannan da wata tsohuwar leda da hayaƙi ya baƙanta. Ɓawo ya murɗe ya bushe kamar kilishi. Wata tsohuwa, Sabuwa, ta tsaya a kansa da ƙullinta a hannu ta ƙi wucewa.

"Sanda, in sauro ya cinye ni da damina, alhakina a wuyanka."

"Na ɗauka, Iya. In tumatir ya nuna ke za ki fara miya."

"Kowa ya ji dai," ta ce, ta shige.

Can sai ya ji an kafa turame. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Lugude ya kaure, taɓare na sauka bi da bi, wata na jefa tata sama tana tafi kafin ta cafe, ana guɗa kamar gidan biki. Mutanen da ke wucewa a waje suna tambaya ko haihuwa aka yi. Sanda ya kasa zama. Ya tashi, ya zauna, ya leƙa, ya koma. Aka wanke tukunyar biki aka sake wankewa, Naja'atu da kanta ta ɗora. Ta ɗauko kujera ta zauna a gaban murhu ba ta matsa ba.

Baturiya ta zo wucewa ta leƙa tukunyar ta taɓe baki. "Haka nan fari fat, ba ko 'yar ƙwayar kanwa?"

"Inna, don Allah."

"Ni dai na yi shiru. Amma wannan ba magani ba ne, ruwan wanka ne."

Aka tace da farin ƙyalle, aka bar shi ya kwana ya huce.

Da gari ya waye mutanen da suka zo ba su kai na jiya ba, kuma kowa ya tsaya nesa. Sanda bai sa babbar riga ba. An wanke durom. Da yake jarkar asid ɗaya ce ta rage, Naja'atu ta ce za a sirka shi da ruwa sosai, zai yi aiki amma sai an yi haƙuri. Iliya ya tsiyaya a hankali. Durom bai ce uffan ba. Ta jefa ƙusa, tsatsa ta fara saki, kumfa 'yar kaɗan.

"Yanzu ne, Kawu."

Aka sa mazurari aka bi bututan ɗaya bayan ɗaya aka cika, aka bar bakinsu a buɗe. Sanda ya kara kunne kusa da na farko. Can ciki yana jin wani ɗan ƙus-ƙus kamar gara na cin itace.

"Tsatsar yake ci ko ƙarfen?"

"Tsatsar."

"Kin tabbata?"

"Kawu, ka matsar da fuskarka daga wurin."

Jiran nan ya fi komai wuya. Ya je lambu ya dawo, ya ce ganye ya fara naɗewa. Ya ce a juye. Ta ce saura. Ya sake zuwa ya dawo da wasu furanni a tafin hannu da ya tsinta a ƙasa, ya nuna mata. Ta sa doguwar sanda ta zungura cikin bututu ɗaya, ta ji ta shige suɓul har ƙasa.

"A juye."

An riga an haƙa rami nesa da dam. Aka ja na farko zuwa bakinsa, Iliya ya buge toshiyar da guduma. Abin da ya fito sai wanda ya gani. Jan ruwa mai kauri, da ɓarɓashi, da wasu fale-falen tsatsa kamar ƙanzon tuwo. Aka ɗauraye, sannan Naja'atu ta ce a kawo sauran dahuwar farko mai kanwa a zuba, ita za ta kashe asid ɗin da ya maƙale a ciki, a kuma juye wata a ramin.

"Kada wanda ya gaya wa Baturiya," in ji Sanda. "In ta ji kanwarta ta yi amfani, gidan nan ba zai zaunu ba."

Ya ɗaga bututun ya saita shi da rana ya leƙa. Haske ya zo masa zagaye guda, fes, har sai da ya runtse ido. Iliya ya bi jikinsa da ƙaramar guduma, ƙwan, ƙwan, ƙwan, yana kasa kunne tun daga kai har gindi.

"Yaya?"

"Lafiya lau yake, kamar ba naka ba."

Nan fa wuri ya hargitse. Waɗanda suka tsaya nesa suka rugo, kowa na son ya leƙa. Ba wanda aka roƙa, amma kafin a jima bututai na kan kafaɗu, wasu na juyewa, wasu na ɗauraya, wasu na jerawa a burtali. Naja'atu na ɗaga murya tana cewa wannan fa a wurin wanki kawai yake karewa, ba zai hana tsatsa dawowa ba, sai an riƙa zubar da ruwan ciki in an gama rani, a shafa fenti a baya. Dattijon nan na Mahuta ne kaɗai ya tsaya ya saurare ta har ƙarshe. Iliya da sifana yana ɗaurewa yana zagin duk wanda ya karkata masa bakin bututu. Bututu guda ɗaya ya nuna ɗan rami kusa da wuya, inda tsatsar ce dama ta toshe shi, aka naɗe da roba aka wuce.

Rana ta karkata lokacin da aka ɗaura na ƙarshe. Sanda ya ce wa Iliya ya ja inji, shi kuma ya sheƙa da gudu cikin lambu da fartanya a hannu. Ya tsaya a bakin bututun yana haki. Ya ji inji ya tashi. Ya ji wani tari daga can nesa cikin ƙarfen, iska ta huro masa a ƙafa, bututun ya girgiza.

Sai ruwa ya ɓarke. Ja ne da farko, ya tunkuɗe dutsen da ake sawa a gaba don kada ya ci ƙasa, ya watsa masa laka har ƙirji. Sannan ya washe. Baki cike, yana tafiya a lambatu da gudu yana ture busassun ganye.

"Ya zo! Naja'atu, ya zo! Iliya, ɗan banza, ƙara wuta!"

Ya sare bakin fangalin farko, kafin ya ɗago ya cika. Ya toshe, ya sare na biyu. Ƙasa na shan ruwa tana ƙara, ƙamshinta na tashi. Can kusurwar gabas, wadda ta fi daɗewa ba ta sha ba, fure ya zuba a ƙasa rawaya, wannan kam ta tafi, ya gani da wutsiyar ido bai tsaya ba. Sauran lambun furensa na nan a jiki.

Ruwa ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ya fara tsallake lambatu yana shiga inda ba a buɗe masa ba. Sanda ya waiga ya ga jama'a sun yi cirko-cirko a bakin shinge suna kallo suna tafi.

"Kallon me kuke yi? Ku shigo ku kama mini! Kowa ya ɗauki fartanya, ku buɗe na ƙasan nan kafin ya fasa mini kunya!"